Ana Liƙa wa Makaɗi, Ana Hana Ɗa Karatun Kiɗa

Idan lokacin cike takardar JAMB ya zo, kwasa-kwasan da ake ambata a falon ɗan boko Bahaushe ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: likitanci, lauya, injiniya, akanta, sai kwamfuta da ta shigo daga baya. Yaron da ya yi ƙarfin halin cewa kiɗa yake so ya karanta, ƙa'idojinsa da kuma aiwatar da shi, dariya ce za ta fara tarbarsa, in ya nace faɗa ya biyo baya. Uban da ya yi dariyar kuwa shi ne wanda ba ya kama hanyar Abuja sai da Ɗanƙwairo a mota. Shi ne wanda ranar bikin 'yarsa ya ɗauko mawaƙi da tsadarsa, ya tsaya a tsakiyar fili yana liƙi har sai da aka riƙe masa hannu. Kiɗa abin so ne a wurinsa muddin ɗan wani ne ke yi.

Tun da wuri ya kamata a ware mutum ɗaya daga wannan muhawara. Akwai wanda ya ɗauki fatawar malaman da suka haramta kayan kiɗa ya tsaya a kanta: ba ya saurare, ba ya gayyata, ba ya liƙi. Saɓanin malamai a kan mas'alar tsoho ne. Ibn Hazm da Imam Gazali sun sassauta, wasu manya sun tsananta, kuma wanda ya bi ɓangaren tsanani da gaskiyarsa ya hana ɗansa, maganarsa ta dace da aikinsa. Ba da shi ake ba. Da wanda ake shi ne mai cin tuwo yana raina matuƙiya. Abin da ke riƙe da wannan ba nassi ba ne, tsohon tsarin matsayi ne da ya ajiye makaɗi da maroƙi a can ƙasan tsani, ya ce a ba su kyauta amma kada a ba su 'ya. Boko ya sauya masa tufafi da harshe, wannan kam bai taɓa shi ba.

Da yake ba zai iya faɗin haka a fili ba, sai ya nemi hujja mai kyan gani. Wadda aka fi ji ita ce waƙa baiwa ce, ba a koyonta a aji. Shata wace makaranta ya yi? Narambaɗa wa ya ba shi takarda?

Amsar ita ce sun yi makaranta, kuma mai tsanani. Ƙungiyar makaɗan gargajiya makaranta ce da ke da azuzuwa da shekaru da jarrabawa, sai dai ba ta da allo. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya shekara da shekaru yana karɓar gindin waƙa har kunnensa ya san inda jagora zai sauka tun kafin ya sauka, sa'an nan a miƙa masa ganga. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa ya tashi, ya zauna ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna tsawon lokaci kafin ya zama jagora da kansa. Shata bai gaji kiɗa ba, gaskiya ne, mahaifinsa ma bai so ba. Amma makaɗan kalangun da suka ɗauke muryarsa shekara aru-aru ba daga sama suka faɗo da iyawa ba. Baiwa ita ce irin shuka. Wanda ya taɓa noma ya san iri a cikin buhu bai taɓa cika rumbu ba. A 1993 wasu masana, da Anders Ericsson a gaba, sun bincika ɗaliban goge na Turawa a wata kwalejin kiɗa ta Berlin, suka tarar mafi ƙwarewa a cikinsu sun tara kimanin sa'o'i 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20. An yi ta gardama a kan fassarar wannan adadi, amma babu wanda ya fito ya ce an sami gwani a cikinsu da bai yi atisayen ba.

Matsalar yau ita ce waccan makaranta ta gargajiya tana rufewa. Aikin da a da sai mutum goma sun taru, masu kalangu da masu kuntukuru da 'yan amshi, yanzu saurayi ɗaya ne ke yin sa a ɗakin sitidiyo da fiyano da kwamfuta. Babu ƙungiyar da yaro zai bi ya koya, domin babu kuɗin riƙe ƙungiya. Saboda haka mai cewa a bar yaro da baiwarsa, a haƙiƙa cewa yake yi a bar shi ba malami ko ɗaya: an rufe masa ƙofar zaure, an hana shi ta jami'a.

Abin da ake nufi da ƙa'idar kiɗa

Da yawa daga masu raina wannan fanni ba su san abin da ke cikinsa ba. Suna ɗauka koyon zanen ɗigo-ɗigo ne a kan layuka biyar. Rubutun sauti yana ciki, kamar yadda abacada ke cikin nazarin harshe, amma ƙofa ce kawai. Asalin fannin lissafi ne da kunne. A ɗaure tsirkiya a kaɗa ta, ta ba da sauti. A danne ta a daidai rabi, sai ta ba da sautin nan dai amma a sama, domin girgizarta ta ninka: biyu bisa ɗaya. A danne ta a bar kashi biyu cikin uku na tsawonta, sai a sami uku bisa biyu, tazarar da kunnen ɗan Adam ke jin daɗinta kusan a ko'ina a duniya. Mai goge a Gobir yana yin wannan lissafi da yatsunsa kullum. Ƙa'ida ita ce ba wa abin da yatsun ke yi suna da lamba, yadda za a iya koyar da shi, a kwatanta shi da na wasu, a adana shi bayan mai yatsun ya kwanta dama.

Daga nan al'ummu suka rarrabu. Turawa sun raba tazarar nan ta biyu bisa ɗaya gida 12 daidai wa daida, suka gina fiyano a kan haka. Mafi yawan waƙoƙin Hausa na gargajiya a kan tsani mai matakai biyar suke tafiya. Larabawa da Farisawa da Turkawa suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, kuma ba yau suka fara auna su ba. Al-Kindi ya yi rubutu a kan kiɗa. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, ya bar Kitab al-Musiqa al-Kabir. Safiyuddin al-Urmawi a Bagadaza a ƙarni na 13 ya raba tazarar gida 17. A 1932 an yi babban taro a Alƙahira don kawai a tattauna yadda za a auna sautukan kiɗan Larabawa a kuma adana shi. Mai cewa ƙa'idar kiɗa kayan Nasara ne bai san kayan gidan da yake tutiya da shi ba.

Akwai misalin da ya fi kusa. Halilu ɗan Ahmad bai ƙirƙiri waƙar Larabci ba. Sauraronta ya yi, ya tsamo ma'aunanta, ilimin aruli ya samu. Marubuta waƙoƙin Hausa irin su Sa'adu Zungur sun yi aiki da waɗannan ma'aunai, kuma babu ɗan boko mai hankali da ke cewa sanin aruli ya kashe musu baiwa. Ana koyar da shi a jami'a, ana cin jarrabawa, ana zama farfesa. Abin da aruli yake ga rubutacciyar waƙa shi ne ƙa'idar kiɗa take ga kalangu. An karɓi ɗaya da hannu biyu domin malamai ne suka kawo shi, an ture ɗayan domin makaɗa ne ke riƙe da shi.

Rashin wannan ilimi yana da farashi, kuma ana jin sa a kowace wayar salula. Fiyanon da ya mamaye sitidiyoyin Kano da Kaduna tun shekarun 1990 a kan matakai 12 na Turawa aka saita shi. Goge da muryar mawaƙin gargajiya kuwa suna sulalewa tsakanin matakai, suna tsayawa a wuraren da fiyano ba shi da maɓalli. Idan aka ɗauko karin tsohuwar waƙa aka ɗora a fiyano, an riga an daddatse shi. Idan kuma aka bi muryar da manhajar Auto-Tune, sai ta janye kowane sauti zuwa mataki mafi kusa, ta goge ɗan karkacen da shi ne gishirin. Mai haɗa kiɗan yana jin wani abu ya ɓace, amma ba shi da sunan abin, balle ya nemo shi. Kamfanin Yamaha yana ƙera fiyano na musamman don kasuwar Gabas ta Tsakiya, mai maɓallan sauya tsani, saboda makaɗan can sun san abin da suke buƙata kuma sun iya faɗarsa da lamba. Ba a ƙera wa mutum abin da bai iya kwatantawa ba.

Sai kuma batun da ya fi kowanne daɗi, wanda Hausa ta fi Turanci da Larabci wadata a cikinsa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya ake rabe wuya na jiki da wuya ta wahala, a rabe kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalangu yana magana ne saboda wannan: makaɗi na matse tsarkiyoyinsa a hammata, fatar ta ɗaure sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, ya bi karin kalmomi da tsawon gaɓoɓinsu har mai sauraro ya ji takensa ko kirarinsa ba tare da an buɗe baki ba. To, idan mawaƙi yana rerawa, karin waƙa na son hawa, karin kalma na son sauka, wa ke bin wani? A ina Narambaɗa ke lanƙwasa waƙa don kalma, a ina yake tilasta wa kalma? Me ya sa wasu waƙoƙin zamani da aka zuba wa karin Indiya suke sa kalmar Hausa ta fito a karkace? Waɗannan tambayoyi ba sa amsuwa sai a hannun wanda ya san nahawu, ya san ƙa'idar kiɗa, kuma ya iya kaɗawa. A 2019 mujallar Language ta buga dogon nazari a kan yadda ake rera karin rajaz a Hausa, yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi ke zama a kan bugun kiɗa. Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh ne suka rubuta shi, daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles.

Wannan ba zargi ba ne ga sassan Hausa na jami'o'i. Sun yi aiki mai yawa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙar baka da Shata a tsakiya tun shekarun 1970. Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazari da dubban ɗalibai suka bi, ya kuma tattara tarihin makaɗa. Amma a ɗauki kundayen digiri da ake rubutawa a kan mawaƙa a duba: jigo, salo, zubi da tsari, adon harshe, shafi bayan shafi, kiɗan kansa kuwa, sai a ambaci sunan ganga, a ce amonta na da daɗi, a wuce. An kwatanta sirdi da linzami da jalala, an manta da doki. Dalili a fili yake: ɗalibin ba a ba shi kayan aikin da zai kama sauti da su ba. Shi ya sa har yau mai neman bayanin kiɗan Hausa ta fuskar sauti yakan koma ga ƙamus ɗin David Ames da Anthony King na 1971, da aikin Fremont Besmer a kan kiɗan daren salla a fadar Kano na 1974. Fiye da shekara hamsin ke nan. A wannan tsakani Akin Euba ya rubuta babban littafi a kan gangar dundun ta Yarabawa, Kwabena Nketia na Ghana ya zama abin komawa ga duk mai nazarin kiɗan Afirka. Dukansu 'yan gida ne da suka yi karatun da ake yi wa yaron nan dariya a kansa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, an yi tafi, an ɗauki hoto. Girmama itacen da ya riga ya yi 'ya'ya ba shi da tsada. Dasa wani ne ke cin ruwa.

Laifin da ke wuyan jami'a

Masu adawa suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ba a kyauta ba in aka ɓoye ta. Sashen kiɗa na farko da ya fara ba da digiri a Nijeriya a Nsukka aka kafa shi a 1961, kuma daga nan fannin ya yi gida a kudu: Ife, Legas, Abraka, Awka, Uyo, Fatakwal. Manhajar da aka gada ta Turai ce: haɗa muryoyi huɗu a bisa tsarin Bach, fiyano, ƙungiyar mawaƙa, tarihin kiɗan Jamus da Italiya. Yawancin ɗaliban daga ƙungiyoyin waƙa na coci suke zuwa, sun saba da wannan duniya tun suna yara. An ƙara darussan kiɗan Afirka a kan lokaci, amma Afirkar da ke cikin ajin ita ce ta malaman da ke koyarwa. Bahaushe na iya shekara huɗu a irin wannan sashe bai ga kotso da idonsa ba. Jami'ar da ke koyar da yaro yadda ake rubuta wa muryoyi huɗu waƙa, amma ba ta da wanda zai nuna masa yadda kalangu uku ke saɓa wa juna su haɗu, ta ba shi rabin ilimi da kuɗin cikakke.

Sai dai abin da ya biyo bayan wannan hujja ba guduwa ba ne. Fela Kuti ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan a 1958, ya koyi ƙaho da ƙa'idar Turawa, ya dawo ya gina kiɗan da babu Baturen da ya taɓa mafarkinsa. Yadda ya tsara ƙahonni da ganguna su yi ta amsa juna na tsawon minti ashirin ba tare da sun rikice ba, aikin wanda ya san tsari ne. Béla Bartók na Hangari ya gama karatun kiɗan fada da na birni, sa'an nan ya saɓi na'urar naɗar murya ya shiga ƙauyuka, ya rubuta dubban waƙoƙin manoma, har ya kai Biskra ta Aljeriya a 1913. Kunnen da aka horar a kan wani kiɗa yana kama kowane kiɗa, kamar yadda wanda ya koyi nahawun Larabci da kyau ba ya shan wuyar gane na Hausa. Sa'an nan sashen jami'a ba ya sauya manhaja don wanda ba ya nan. Malamin kalangu na farko da zai zauna a kujerar farfesa sai ya fara zama ɗalibi a wani wuri, ko da wurin bai shirya masa ba.

Yadda ake zaɓe

Kuskuren da masu niyya kan yi shi ne su ɗauka zaɓi ne tsakanin biyu: ko ƙa'ida, ko aiwatarwa. Mai murya yana cewa lissafi ɓata lokaci ne. Mai son takarda yana neman kwas ɗin da ba za a sa shi ya hau dandali ba. Duka biyun suna shirin fita da ƙafa ɗaya. Hukumar ABRSM ta Birtaniya, wadda ke shirya jarrabawar kiɗa mai matakai takwas a ƙasashe da dama, ta daɗe da ƙa'idar cewa ba a shiga mataki na 6 na kaɗawa sai an ci mataki na 5 na ƙa'ida ko makamancinsa. Ba mugunta ba ce. An gwada ne an ga inda hannu ke tsayawa idan kai bai bi shi ba. Haka nan mai nazarin da bai taɓa jin tsirkiya ta yanka masa yatsa ba, makaɗi na gane shi cikin minti biyar, ya ba shi amsar da ake ba baƙo.

Bambancin da ya cancanci a kula da shi na nauyi ne. A tsarin Amurka, alal misali, digirin da ake kira na kiɗa zalla kusan kashi biyu cikin uku na darussansa kiɗa ne, na fasaha mai kiɗa a ciki kuwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗoriya ba, sauran lokacin ɗalibi na iya ɗaukar harshe ko tarihi ko kwamfuta. Wanda ke son zama gwanin dandali na farkon ya dace da shi. Wanda ke son ya haɗa kiɗa da nazarin Hausa na biyun ya fi masa. A Nijeriya akwai digirin jami'a na shekara huɗu, akwai difloma ta shekara biyu a makarantar MUSON da ke Legas wadda ta fi karkata ga kaɗawa, akwai NCE a kwalejojin ilimi ga mai son koyarwa, akwai kuma fasahar kiɗa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. Jami'ar Ghana a Legon ta yi suna wajen ɗaukar kiɗan Afirka da muhimmanci tun zamanin Nketia. Bamako na da cibiyar fasaha ta ƙasa wadda Habib Koité ya fito daga cikinta.

Sunan makaranta ba ya wadatarwa, kuma takardar talla ba ta faɗin gaskiya. Uba da ɗa su je da ƙafarsu su yi tambayoyin da za su sa shugaban sashe gyara zama. Sau nawa a mako ɗalibi ke zama da malamin kayan kiɗansa su biyu kaɗai, kuma wane ne malamin, yana kaɗawa har yanzu ko ya ajiye tun da ya sami ofis? Horon kunne, wato a kaɗa ɗalibi ya rubuta abin da ya ji, a ba shi rubutu ya rera ba tare da ya taɓa jin sa ba, zango ɗaya ake yi a wuce ko kowace shekara? Wannan darasi shi ne ƙashin bayan kwas ɗin gaba ɗaya, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi domin yana cin lokacin malami. Ɗakunan atisaye nawa ne, ɗalibai nawa ke rabonsu, fiyanon da ke ciki yaushe rabon da a saita shi? Ana karɓar goge ko gurmi ko kalangu a matsayin babban kayan kiɗan ɗalibi, in ya kawo malaminsa daga waje, ko sai dai ya zama abin nishaɗi ranar al'adu? A shekarar ƙarshe akwai wasan da ɗalibi zai tsaya gaban jama'a da alƙalai, kuma akwai fita ƙauye da na'ura a naɗo a rubuta? Sashen da ya yi in-ina a kan horon kunne da zaman malami da ɗalibi, takarda yake sayarwa.

Sa'an nan a yi shiri tun kafin a nema. Da wuya a sami sakandare a ƙasar Hausa da ke koyar da kiɗa har zuwa WAEC, kuma sassa da yawa suna yin gwajin shiga inda za a ce ɗalibi ya kaɗa ko ya rera a gabansu. Yaron da ya isa wurin bai san rubutun sauti ba zai zauna kusa da wanda ya shekara goma yana karanta shi duk Lahadi. Shekara ɗaya ta shiri, da malami ko da darussan intanet, har a kai matakin ƙa'ida na 5, tare da zama na haƙiƙa a gaban wani tsohon makaɗi a gida, ta fi a yi gaggawar shiga a sha kunya a zangon farko a ce da ma an faɗa.

'Ya mace a nan tana da abin da namiji ba shi da shi. Kiɗan ƙwarya da amada, waƙoƙin daka da niƙa da reno da na gaɗa, duk a cikin gida suke, inda mai bincike namiji ba ya wuce zaure. Barmani Coge ta rasu a 2013. Abin da ta fito da shi dandali ɗan tsakure ne daga abin da ke bayan katanga.

Saura batun abinci, wanda shi ne tsoron uba na gaskiya idan aka cire girman kai. Ba za a yi masa ƙarya ba: digirin kiɗa ba ya mai da kowa tauraro, kuma wanda ya shiga don a san shi ya fi kyau ya riƙe kuɗinsa. Mafi yawan masu wannan takarda koyarwa suke yi, ko haɗa sauti a sitidiyo da gidajen rediyo da talabijin, ko tsara kiɗan fim da talla, ko badujalar soja da 'yan sanda, ko aikin adana tsofaffin faya-fayai. Abinci ne na matsakaicin ma'aikaci, wani lokaci ƙasa da haka, kuma yana bukatar haɗa sana'a biyu ko uku. Amma uban da ke kawo wannan hujja ya dubi unguwarsa ya ƙirga masu digirin da ya yarda da su da ke zaune. Kasuwar kuma tana nan: masana'antar fim ta Kano ta shekara da shekaru tana aron karin waƙa daga Indiya, kuma mai aro yana aro ne domin babu a gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta rabe tsakanin haƙƙin wanda ya tsara kiɗa da na wanda ya mallaki naɗin. Saurayin da ya zauna ya ƙirƙiri karin da gari ya ɗauka, aka sallame shi da kuɗin sitidiyo na yini ɗaya, ya yi asarar haƙƙi na farko ne domin bai san yana da shi ba, kuma bai iya rubuta abin da ya tsara ba balle ya kafa hujja.

A Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989. Ɗaya daga cikin ma'aikatanta, Malam Mamane Barka, tsohon malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi bakin Tafkin Chadi wurin Boukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, tsohon ya miƙa masa kayan, bai daɗe ba ya rasu. Barka ya naɗi waƙoƙin a faifai, ya kai biram dandalin Turai, shi ma ya rasu a 2018. Abubuwa uku ne suka haɗu a wannan labari: cibiyar da ke biyan mutum albashi don ya san kiɗa, ɗan kuɗin tafiya, da kunnen da aka riga aka horar har ya iya ɗaukar abu mai wuya cikin ɗan lokacin da ya rage. Kotso da taushi da jauje suna kan hanyar da biram ta bi. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Saurayin da ya yi masa amshi a ƙarshen rayuwarsa, in yana raye a Isa ko wani ƙauyen Gobir, ya haura shekara tamanin.